Kyamarar Daji Mai Araha: Yadda Za Ka Zaɓe Ta, Ka Gwada Ta, Ka Ɗaura Ta

Duk manomin da gonarsa ke bakin daji, a Doguwa ne ko Tudun Wada ko Sumaila, ko can fadamun Haɗeja, ya san irin gardamar da ake yi da safe idan an tarar an cinye ganyen wake kunya uku. Wani ya ce gada ce, wani ya ce zomo, wani ya rantse awakin maƙwabta ne, wani kuma tun bai sunkuya ya duba sawu ba ya ɗora wa makiyaya. Maharbi ma yana da tasa damuwar: ya ga kashi da sawu a bakin mashaya, amma bai san da wane lokaci dabbar ke zuwa ba, bai san ko guda ce ko uwa ce da ɗanta ba.

Akwai wata ƙaramar kyamara da ake ɗaura wa bishiya, tana aiki da batir, tana kwana a waje cikin ruwa da ƙura. In wani abu mai rai ya gitta gabanta sai ta ɗauki hotonsa, dare ko rana, ta buga kwanan wata da lokaci a ƙasan hoton. A shagunan intanet sunanta trail camera, da shi za ka neme ta. Maharban barewar Amurka ne manyan masu sayenta, kuma don su aka fi ƙera ta. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe tun daga nan: an auna ta ne da babbar dabba a ƙasa mai sanyi. Barewarsu tana iya kai nauyin ƙaton namiji, gadarmu kuwa kilo 12 zuwa 25 ce, tsayinta a kafaɗa bai wuce rabin mita da ɗan wani abu ba. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga tururuwa. Kyamarar da ake yabo a can tana iya zuwa nan ta yi mako ba ta kama komai ba.

Fara da tambayar kanka: me nake so in gani?

Amsar ita za ta raba maka kasuwa biyu. In dabba kake bi, gada ko barewa ko gadu ko beguwa, abin da kake buƙata shi ne kyamara mai saurin farkawa da kyawun hoton dare daga kusa. In kuwa zarginka ya fi karkata ga ɓarawon masara ko mai kwance injin ban-ruwa, babban abin dubawa shi ne kada ta tona kanta da haske. Birai da rana suke ɓarna, don haka mai fama da jan biri bai kamata ya kashe kuɗinsa a kan ƙarfin fitilar dare ba. Damo da guza da maciji kuwa kada ka sa rai, jikinsu yana bin zafin wurin da suke, da wuya kyamarar ta ji su.

Yadda take jin dabba

A ƙarƙashin gilashin ɗaukar hoto akwai wata 'yar taga ta baƙar roba ko fara. Bayanta ne na'urar da a kwali ake rubuta wa PIR take. Wannan na'ura ɗumi take ji, kuma abubuwa biyu take nema su haɗu: abu ya fi kewayensa zafi ko sanyi, sannan yana motsi. In ɗaya ya ɓace, kyamarar ba za ta farka ba.

A nan ne yanayinmu ke shiga. Zafin jikin gada ko akuya yana wajen digiri 38 zuwa 39. A daren hunturu, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, dabbar tana fita sarai a idon na'urar, har daga nesa. A watan Afrilu kuwa, rana ta haura digiri 40, yashi da dutse sun ma fi haka zafi, dabbar da wurin sun zama kusan ɗaya. Kamar wanda ya kunna tocila ne da tsakar rana: tana ci, amma ba mai ganin haskenta. Shi ya sa mutum zai tarar da sabon sawu a gaban kyamara, ya buɗe kati ya ga babu hoto, ya ce an sayar masa da jabu, alhali zafi ne ya makantar da ita.

Akwai kuma kishiyar wannan. Ciyawa ko ganyen da rana ta gasa, iska na kaɗa shi, shi ma ɗumi ne mai motsi. Kyamara za ta yi ta ɗaukar hoton ciyawa ɗaruruwa har batir ya mutu.

Saboda haka kada ka sayi wadda ba ta ba ka damar sauya ƙarfin jin motsi. Ka duba ko tana da mataki uku, ƙasa da tsakiya da sama. Ka kuma duba ko tana da tsarin ɗaukar hoto da kanta bayan kowane minti kaza, ko da ba abin da ya motsa, da tsarin saka mata awannin aiki, misali daga magariba zuwa hantsi. Waɗannan ukun su ne maganin bazara, kuma yawancin masu araha suna da su, sai dai mutane ba sa tambaya.

Lambobin da ke jikin kwali

Lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe ita ce mafi ƙarancin amfani. Za ka ga 32MP, 48MP, har 64MP, wato megafiksel, ma'aunin girman hoto. Ainihin idon da ke cikin yawancin masu araha bai wuce megafiksel 2 zuwa 5 ba, sauran kumbura hoton ake yi da manhaja. Hoton yana ƙara nauyi, yana cinye kati, yana ɓata lokaci wajen ajiyewa, amma gashin dabba bai ƙara fitowa ba. Kada ka ƙara ko kwabo saboda wannan lamba. Ka nemi hotunan dare da masu saye suka ɗora da kansu a ƙarƙashin tallar, su ne shaida.

Lambar da ya kamata ka tsaya a kanta ita ce saurin farkawa, wato tazarar da ke tsakanin jin motsi da ɗaukar hoto. Ka nemi sakan 0.5 ko ƙasa da haka. Ga lissafin: idan dabba ta gitta a nisan mita 4, faɗin abin da kyamara ke gani a wurin mita 3 zuwa 5 ne kawai. Gada mai sassarfa tana cinye wannan cikin sakan ɗaya da 'yan kai. Kyamarar da ke ɗaukar sakan guda kafin ta farka, ƙafar baya za ta ba ka, ko fili. Sai kuma lokacin da take ɗauka kafin ta sake shirin hoto na biyu. Wannan ba kasafai ake rubuta shi ba, da gwaji za ka gano. Yana da muhimmanci, domin ɗan da ke bin uwarsa a hoto na biyu yake fitowa.

Nisan jin motsi za ka ga an ce mita 20 ko 25. Da mutum tsaye ko babbar dabba aka auna, cikin sanyi. A ganina ka raba shi biyu in gada kake nufi, sannan ka tsara aikinka a kan mita 3 zuwa 8.

Fitilar dare iri biyu ce a kasuwar masu araha, kuma lamba ce ke bambanta su. Mai 850nm tana haska nesa, hotonta ya fi fitowa, amma ƙwayayenta suna yin ja-ja kamar garwashi lokacin ɗauka, wanda ya kalli wajen zai gani. Mai 940nm ido ba ya ganin haskenta, sai dai hoton ya fi duhu kuma ba ta kai nisan waccan. Dukansu hoton dare baƙi da fari suke bayarwa. Da a ce dabba ce kaɗai a dajinmu, da na ce 850nm. Amma dajinmu cike yake da mutane: masu itace, makiyaya, masu neman zuma, yara 'yan farautar gafiya. Kyamarar da ke ƙyalla ja da dare ba ta daɗewa a jikin bishiya. Ni 940nm nake ba da shawara, a matso da ita kusa da hanya don cike gibin hasken.

Sai lambar kariya daga ruwa da ƙura. IP66 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure feshin ruwa mai ƙarfi. IP54 ƙasa take da haka, ba ta dace da wanda zai bar kyamara a waje daga hunturu har damina ba. Ko wace lamba aka rubuta, ka buɗe murfin ka taɓa robar da ta zagaye bakinsa. In siririya ce ko ta tashi a kusurwa, ajiye ta. Kuma kada ka ɗauka IP66 na nufin za ta rayu a cikin ambaliya, ba a yi ta don nutsewa ba.

Masu faɗin gani digiri 120 suna da daɗi ga mai gadin gona, domin suna kwaso fili da yawa. Ga mai bin ƙaramar dabba kuwa, komai yana fitowa ƙanƙani, zomo da ɗan gada su rikice maka. Ka nemi wadda ke da ɗan allo a ciki, shi zai taimake ka wajen saiti da duba inda ta fuskanta ba tare da waya ba.

Batir, inda kuɗin gaske yake tafiya

Mutane suna lissafin kuɗin kyamara su manta da abincinta. Yawancinsu batir ƙanana samfurin AA suke ci, guda 4 ko 8. Ɗauki mai 8.

Batiran rediyo da tocila masu arha da ake sayarwa a kan tebur ba su da ƙarfin ɗaukar fitilar dare. Kyamara za ta kunnu da su, ta yi hoton rana lafiya, dare na yi hoton ya fito baƙi ƙirin ko ta mutu gaba ɗaya. Na alkalin na gaske suna yi, amma ƙarfinsu yana raguwa a hankali, don haka hoton dare yana ta dushewa tun kafin su ƙare, kuma in suka daɗe cikin zafi suna yoyo su cinye ƙarfen da ke riƙe su. Na litiyam, irin Energizer Ultimate Lithium, su suka fi jure zafi da daɗewa, sai dai tsada, kuma ba a cajin su. Masu caji na NiMH 1.2V suke bayarwa maimakon 1.5V, wasu kyamarorin suna ɗaukar hakan a matsayin batir ya yi sanyi tun ranar farko. In takardar kyamarar ta ce tana karɓarsu, su ne mafi sauƙi ga aljihu a tsawon shekara: saiti biyu, ɗaya a daji ɗaya a kan caja, a caje su da solar gida ko wurin mai cajin waya. Ka nemi irin da ba sa zubar da caji in an ajiye su, kamar Eneloop. Kada ka gauraya sabo da tsoho, ko iri biyu daban.

Rana ba ta yi mana ƙaranci, don haka kyamara mai ƙaramin faifan sola da batirinta a ciki zaɓi ne mai kyau. Illarta biyu: faifan yana ƙyalli ya jawo ido, kuma yana son rana alhali kyamarar inuwa take so. Mai faifai daban da doguwar waya ta fi, sai a ɗora faifan sama a cikin reshe. Wasu kuma suna jona batirin babur ta ƙofar wutar waje da ke ƙasan kyamara. Kafin ka yi haka karanta abin da aka rubuta a bakin ƙofar. In 6V ce ka ba ta 12V, ka ƙona ta nan take.

Bidiyon dare shi ne babban mai shan batir. Ka fara da hoto, sai ka san abin da ke zuwa sannan ka juya bidiyo na sakan 10 in kana bukata.

Katin memori, da zancen mai layin waya

Kati mai 32GB ya isa, yana ɗaukar dubban hotuna, kuma da yawa daga masu araha ba sa karanta wanda ya fi haka. Ka duba alamar lamba 10 a cikin da'ira a jikinsa. Jabun kati ya yi yawa, wanda zai nuna 32GB amma ya fara cinye hotuna bayan ya ɗan cika, don haka ka saya inda za ka iya mayarwa. Sayi biyu, da 'yar na'urar karanta kati da ake soka wa waya. In ka je daji sai ka kashe kyamara, ka zare wannan ka sa wancan, ka duba hotuna a gida. Duk lokacin da za ka mayar da kati, ka wanke shi a cikin kyamarar kanta ta wurin da aka rubuta Format, kada ka tsaya goge hotuna ɗaya-ɗaya a waya.

Kyamara mai turo hoto ta layin waya tana da ban sha'awa, amma yawancin na kamfanonin Amurka an ɗaure su da layukan can da kuɗin wata, ba za su karɓi sim ɗin MTN ko Airtel ba. Ko wadda ke karɓa, sai da sabis mai ƙarfi a gindin bishiyar. Wadda aka rubuta wa Wi-Fi kuma ba daga gida za ka gan ta ba, sai ka tsaya kusa da ita 'yan mitoci. Ga mai farawa, mai kati zalla ta wadatar.

Saye

Masu araha irin su GardePro da Campark sukan kama daga wajen dala 30 zuwa 60, sanannu irin Bushnell da Browning kuwa daga dala 100 zuwa sama. Ka buga da canjin ranar, ka ƙara kuɗin kawowa, ka ƙara batir da caja da kati biyu da ladan mai walda da zai yi mata akwatin ƙarfe. Wannan jimlar ita ce farashin gaskiya. Araha ba ta ado, haka ne, amma abin da za a bari a daji ba mai gadi, gara wanda in ya ɓace ba zai hana ka barci ba. Da kuɗin babba guda, na fi son matsakaita biyu a wurare biyu.

A Kano ka tambaya wajen masu kayan CCTV da na lantarki a Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari, ko ka yi oda ta Jumia ko AliExpress. A shafin intanet na Jiji akan sami na hannu. In ta hannu ce, leƙa gidan batir, farin gari ko tsatsa alamar yoyo ce. A shago kuwa ka yi magana tun kafin ka miƙa kuɗi: "Alhaji, zan biya, amma bisa sharaɗi. Zan gwada ta kwana uku, in ba ta ɗaukar dare zan dawo da ita." A rubuta a rasit.

Gwaji a gida, da akuya

Kada kyamara ta ga daji sai ta ci jarrabawa a tsakar gida. Sa batir da kati, ka saita kwanan wata da agogo, ka ɗaure ta a turke daidai gwiwa. Auna mita 3, 5, 10 da 15, ka aza dutse a kowanne.

Kai kanka ka gitta a kowane dutse, amma gwajin gaske na akuya ne, domin ita ce ta yi kusa da girman gada da barewa. Sa yaro ya ja ta da doguwar igiya, shi yana can gefe inda kyamara ba ta jin sa, ta gitta a hankali, sannan da ɗan gudu. Yi haka da sassafe, ka maimaita da azahar, ka maimaita bayan isha'i. Da ka duba hotunan za ka san abubuwa huɗu da kwali bai faɗa maka ba: iyakar nisan da take jin ƙaramar dabba, yadda nisan ke raguwa da zafi, ko akuyar tana fitowa a tsakiyar hoto ko wutsiya kawai, da inda hasken dare ke ƙarewa. In akuya a mita 3 ta fito fara fat ba a gane ta, fitilar ta yi ƙarfi, rage ta a saiti ko ka ja baya.

Da dare ka tsaya gabanta ka motsa, ka ga ko tana ja. Wasu ana rubuta musu 940nm alhali ba haka ba ne. Sannan ka juya ta ga bango ta kwana. In da safe ka tarar da hotunan bango barkatai, tana farkawa ba dalili, mayar da ita. Na ƙarshe, zare batir ka mayar, ka ga ko agogo ya riƙe. Hoton da lokacinsa ba daidai ba ne rabin amfaninsa ya tafi.

Mutane da doka, kafin bishiya

A halin tsaron da ake ciki, akwati mai ido ɗaure a bishiya abin tsoro ne ga wanda bai san shi ba. Ana iya farfasa ta, ana iya zarginka da leƙen asiri. Ka je wajen mai unguwa da ita a hannu: "Ranka ya daɗe, ga abin da zan sa a gonata ta gabas, hoton dabbar da ke cin wake nake nema." Shugaban 'yan sintiri da sarkin baka su ma su sani. In akwai ruga kusa, ka gaisa da arɗo ka gaya masa. Ba sai ka nuna ainihin bishiyar ba. Kada ka sa ta a gonar wani ba izini, kuma kada ta fuskanci rafin da mata ke wanka ko wanki, ko hanyar bayan gari. Wannan haramun ne a addini kuma abin kunya ne a gari.

Dajin Falgore da na Baturiya wuraren kariya ne, suna cikin guda 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Farauta a cikinsu laifi ne, sa kyamara ma sai da izinin ma'aikatan wurin. Barewa mai jan goshi, wadda kakanninmu suka saba gani garke-garke, yanzu ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. In Allah ya sa kyamararka ta kama ta, roƙona gare ka shi ne ka bar ta, kuma kada ka ɗora hoton a Facebook ko TikTok da sunan ƙauyen. Gobe za ka ga babura da karnuka.

Ɗaurawa

Wuri ya fi kyamara muhimmanci. Nemi sawu da kashi, da ɗan siririn turbar da dabba ta taka a cikin ciyawa, da inda shinge ya ɓule. Da rani ka duba mashaya da gindin bishiyoyi masu zubar da 'ya'ya, kanya, magarya, aduwa, gawo, sai dai gawo yana tara awaki da shanu su cika maka kati. Ka ɗauki goro ka je wajen tsohon maharbi: "Baba, ta ina take shigowa?" Abin da zai nuna maka cikin awa guda ya fi wata guda na lalube.

Zaɓi bishiya mai kauri da iska ba ta girgiza ta, tsamiya ko marke ko kaɗanya. Kuka ta fi ƙarfin ɗamarar da ke zuwa da kyamara. In babu bishiya, kafa ƙarfe, domin gara za ta cinye turken itace.

Tsayi: don gada da zomo da beguwa, santimita 40 zuwa 50, wato daidai gwiwa. Takardar da ke cikin kwali za ta ce mita ɗaya ko fiye, wannan don barewarsu ce, in ka bi ta gada za ta wuce ta ƙasan idon. Don barewa ko gadu, tsakanin gwiwa da ƙugu. Don mutum, sama da inda hannu ke kaiwa, a karkato ta ƙasa da ɗan tsinke a bayanta.

Kada ta kalli gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta za su wanke hoton su kuma tayar da ita a banza. Daga Oktoba zuwa Maris rana tana karkata kudu a wajenmu, don haka arewa ce alƙiblar kyamara. Da damina kudu ma ta yi. Kada kuma ta kalli turba kai tsaye daga gefe, ko ta fuskanci dabba gaba da gaba. Karkata ta kamar digiri 45, yadda dabbar za ta daɗe a cikin ganinta kuma tana gittawa, domin na'urar ta fi jin abin da ke gitta ta fiye da mai tahowa gare ta. Share ciyawa da rassa na mita biyu zuwa uku a gabanta, amma kada ka yi sharar da za ta nuna wa mai wucewa an yi aiki a nan.

Mai walda zai yi maka ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da tagogi uku: na gilashi, na fitila, na jin motsi. A shafa masa fenti mara ƙyalli kalar ɓawon bishiya. Yana kare ta daga hannun biri da haƙorin kura, yana kuma ba ta inuwa. Toshe ƙofar wutar waje da robarta, ta nan kiyashi da tururuwa ke shiga su yi gida. Kafin ka tafi, gitta a gabanta a tsugune, duba hoton a allo, gyara, sannan ka tabbata makunnin yana kan ON. Ana yawan barin sa a wurin saiti a dawo bayan mako a tarar ba komai.

Saitin farawa: hoto uku a jere, hutun sakan 30 tsakanin farkawa da farkawa, girman hoto matsakaici. Ƙarfin jin motsi a tsakiya da hunturu, a sama da bazara. In mashaya ce a tsananin zafi, ƙara mata ɗaukar hoto da kanta duk minti 5 daga la'asar zuwa magariba.

Karanta abin da ta kawo

Bar ta mako guda kafin ziyarar farko. Zuwa kullum yana barin warinka a wurin, yana kuma fitar da turba zuwa gindin bishiyar wadda kowa zai iya bi. Je da rana tsaka, lokacin da dabbobin ke kwance.

Hoto ɗaya labari ne kawai, sai an tara ake gane ɗabi'a. Samu littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, irin dabba, yawanta, daga ina ta fito, ina ta nufa, da ko akwai farin wata. Bayan mako biyu zuwa uku za ka ga tsari: wataƙila gada tana shigowa gab da asuba ta kusurwar arewa, wataƙila ɓarnar duk ta beguwa ce. Daga nan ne za ka san inda za ka ƙara ƙaya a shinge, da awannin da gadi ke da amfani. Namijin gada yana da gajerun ƙahoni, mace galibi ba ta da su, don haka maharbi zai iya gane uwa mai ciki ko mai shayarwa ya ƙyale ta. Lambar zafi da ke ƙasan hoto kada ka dogara da ita, zafin cikin akwatin take aunawa.

In mutum ko garken wani ya fito a hoto, kada ka yaɗa, kada ka je ka tare shi. Kai wa mai unguwa ko dagaci, in ta kama a kira arɗo ko 'yan sanda. Hoton dare baƙi da fari yana sa fuskoki su yi kama, kuma wucewa ta gona ba sata ba ce.

In mako biyu suka wuce ba komai alhali ga sabon sawu, sauke ta ƙasa kaɗan ko ka matso da ita, kafin ka yanke hukuncin sauya wuri.

Kowane lokaci na shekara da nasa aikin. Da damina ciyawa na tsirowa cikin kwanaki, sai an riƙa sharewa, kuma a jefa 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko magani a cikin gidan batir. A fadamun Haɗeja da Auyo da Kiri Kasamma ka ɗaga ta ko ka cire ta kafin ruwan Agusta da Satumba. Da hunturu ka goge gilashi da tagar jin motsi da tattausan ƙyalle a kowace ziyara, ka fara hure ƙurar kada yashi ya karce su. Da an fara ƙona daji, ko ka ji an sa ranar fita farauta, je ka kwance ta. In za ta zauna a gida fiye da mako biyu, zare batiran, ka bar murfin a buɗe ta sha iska kwana ɗaya, sannan ka ajiye ta a cikin leda nesa da rufin kwano.